Da hanci nake sayar da giya a Dubai, yanzu an ce sai na haɗiye

Daga inbox. Wata 'yar uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A yi sharhi da ladabi.

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin na gode da ka yarda ka ɗora ba sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin ranar Alhamis ɗin nan maganar za ta ƙare ko na yanke ko ban yanke ba. Tun farko bari in faɗa, masu shirin rubuta "Allah ya shirye ki" su wuce, na karɓa, amin, amma ba shi na zo nema ba. Na yi islamiyya, na san hukuncin mai shan giya, na san na mai ɗaukarta da mai miƙa ta, babu abin da za ku karanta min wanda ba na karanta wa kaina kullum a cikin jirgin metro. Shawarar wanda ya daure ya karanta har ƙarshe nake so.

Ni 'yar Kano ce, shekarata ashirin da huɗu, sakandare na gama ban ci gaba ba. Babanmu ya rasu ina aji uku, Ummanmu ce ta riƙe mu da sana'ar turare. 'Yar Barno ce aure ya kawo ta Kano, humra take haɗawa da turaren wuta, kuma ba don uwata ba ce, duk unguwarmu idan amarya ta wuce ana gane ko hannun Umma ne. Tun ina 'yar shekara bakwai take ɗaure min ido da ɗankwalinta, ta miƙo abu a hancina ta ce mene ne wannan, in ce sandal, ta ce na bana ko na bara, in ce kajiji, ta ce wankakke ko da ƙasarsa. In na kuskure ta ja min kunne, in na dace ta ce tashi ki ba ni waje kada kanki ya kumbura. Yayyena mata biyu har suka yi aure ba su iya bambance farcen turare da ƙonannen gashi ba. Ta sha faɗa a gaban mutane cewa duk gidan ni kaɗai na ɗauko hancinta.

Shi ya sa da wani ejan ya ce akwai aiki a shagon turare a Dubai, a Deira, Umma ko dogon tunani ba ta yi ba. Ta yi sadakar waina, ta bi layinmu gida gida tana cewa 'yarta za ta tafi inda ake haɗa turaren gaske. Na sauka sai na tarar ba shago ba dalilinsa, otal ne kusa da bakin ruwa, aikin kai shayi da ƙwai da burodi ga baƙi da safe. Na kira ejan, waya a kashe, har yau a kashe take. Ban gaya wa Umma ba. Na ce a raina ai aikin halal ne, in yi wata uku in gane gari in nemi shagon da kaina, sai in ce mata canjin waje na yi. Wata ukun ba su cika yadda na tsara ba korona ta shigo, aka rufe komai, aka sallami mutane da yawa, mu da muka rage muna zaune a ɗakinmu na unguwar Abu Hail mu shida muna kallon juna. Da aka buɗe sai matar ofishin ma'aikata ta kira ni ta ce ɗakin karin kumallo ba ya buƙatata yanzu, gurbi ɗaya ya rage, a mashayar da ke ƙasa, ko in karɓa ko su yankar min tikiti. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na kwana uku ina kuka ba. A cikin minti biyar na sa hannu. Na ce kwana biyu ne.

Mashayar tamu ba irin wadda kuke zato ba ce. Ba ta 'yan maye masu faɗuwa a kwata ba ce, ko da yake su ma ana samu. Giyar ƙananan kamfanoni ake sayarwa, wadda suke kira kiraf, kowane ɗan kamfani da irin haɗinsa, daga ƙasashe daban daban. Famfo goma sha biyu ne a jikin bango, kowanne da irin tasa, kuma duk wata sai an sauke wasu an ɗora sababbi. Kwastomominmu yawanci Turawa ne da Indiyawa masu aikin ofis. Ba kwalba suke saya ba, wani ɗan katako ne mai ramuka huɗu, a kowane rami ɗan ƙaramin kofi da irin giyarsa, su ɗaga su haska a fitila, su shinshina, su kurɓa, su ɗauki hoto, su ba ta maki a waya, sannan su hau musu kamar 'yan majalisar ƙwallo. Babban mutum da furfurarsa ya ɓata rai saboda an ce wadda ya zaɓa ba ta kai ta abokinsa ba. Farkon zuwana dariya suke ba ni. Aikina ɗaukar katako da goge tebur.

To akwai ƙa'ida. Duk ranar da sabuwar giya ta iso, ƙarfe uku na rana kafin a buɗe ƙofa, ma'aikata duka mu zauna, manajanmu ya zuba wa kowa kaɗan kaɗan, kowa ya ɗanɗana ya faɗi abin da ya ji, don idan kwastoma ya tambaya kada ka tsaya kana kallonsa. Manajan Bature ne ɗan Afirka ta Kudu, Oga muke ce masa. Ni kuma akwai wata 'yar Filifin da muke ɗaki ɗaya, bari in kira ta Meri, gadonta a saman nawa. Da ita muka ƙulla. In sauke takunkumin fuska, in ɗaga kofin in kai bakina, leɓena a haɗe gam, in ajiye, in goge da tishu, in tura mata a hankali ta shanye ta turo min nata wanda ba komai. Bayan an tashi, a ɗakin canza kaya, ta gaya min wacce ta fi ɗaci, wacce ta fi nauyi a baki, in haddace. Ni kuma in je in wanke bakina har ya yi zafi. Ko ɗigo bai taɓa wuce leɓena ba, wallahi, kuma na san wani zai ce wannan ba ya wanke ni. Ban ce yana wanke ni ba. Na ce shi kaɗai ya rage min.

Bakina ne ya ja min, kamar kullum. Wata rana aka kawo sabuwa, ana ta yabonta tun ba ta iso ba, Oga ya zuba, kowa ya kurɓa ya ce da daɗi don kowa ya ga Oga na murmushi. Ni tun daga bakin ƙofa na ji abin da na ji. Maimakon in yi shiru sai na ce wannan ta lalace, warin kwali take, irin kwalin da ruwan sama ya doka ya kwana a ƙasa. Oga ya ce me, na maimaita. Ya sake kurɓa, ya kurɓa na uku, ya ɗauki waya ya kira masu kawo kaya. Ashe durom ɗin giyar ya daɗe a zafi kafin ya iso mana. Daga ranar ya sa min suna Madam Hanci da turancinsu, kuma aka daina ba ni tsumman goge tebur.

Abin da suke ta wahala a kai da manyan kalmomi, ni wasan ɗankwalin Umma ne kawai. Mai duhu duhu kamar kunu, ta alkama, ƙamshin ayaba take wadda ta nuna har ɓawonta ya fara baƙi, da kanumfari a ƙarƙashi. Baƙar, mai kumfa kamar madara, gahawa ce da gyaɗar da ta ɗan ƙone a kasko. Akwai mai tsami, wannan gasara ce da ta kwana biyu aka zuba mata tsamiya. Waɗanda suka fi so kuwa, masu yawan wani fure da ake kira hof, wata mangwaro, wata ɓawon lemo, wata ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu, wata ma na rantse jiƙaƙƙen kajiji ce. In jera kofi huɗu in ce wannan da wannan 'yan uwa ne amma ta biyun ta fi tsufa da wata guda, a duba takarda a ga haka ne. Oga ya miƙa min allon bango, ni nake rubuta bayanin kowace sabuwa da alli. Kwastomomi suka fara shigowa suna tambaya ina Madam Hanci, wani ma sai ya kawo abokinsa ya ce rufe idonki ki gaya masa. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina jin daɗin abin. Ba giyar ba, ganewar. Tun da na zo ƙasar nan, sai a wannan teburin aka taɓa tambayata me nake gani kuma aka yi shiru ana jira in amsa. Ku zage ni a kan wannan in kuna so, ni ma na zagi kaina.

Kada wani ya ce in nemi taimakon 'yan uwanmu Hausawa da ke nan, na gwada ɗanɗanon hakan. Wata rana da la'asar wani ya shigo da wandon jins da hular hana sallah, ya zauna can lungu ya nemi katako. Ina ajiyewa wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce wallahi ina wajen kago, kwantenar ce ba ta fito ba. Ni kuma da ya ajiye na ce sannu da hutawa Alhaji. Sai da ya ƙware. Da ya dawo hayyacinsa sai ya hau ni da faɗa, wai 'yar Musulmi me nake yi a irin wannan waje, ba ni da iyaye ne, irinmu ne muke zubar wa Arewa mutunci a ƙasar waje. Na ce Alhaji ni a kan tire na ɗauko, kai a hannunka yake. Can ya sauke murya ya ce shi zai iya fitar da ni daga wannan ƙazanta, yana da fulat a unguwar Al Buteen da ba kowa a ciki idan ya koma Kano, in ba shi lambata. Na ce masa ta uku daga hagu a katakonsa ta fi dacewa da shi, tsami gare ta. Bai sake dawowa ba, ni ma ban sake yi wa kowa Hausa a wajen aiki ba.

Yanzu ga inda abin ya fi ci min rai. Bara Umma ta kwanta zazzaɓi da tari, ta tashi Alhamdulillah, amma hancinta bai tashi ba. Ba ta jin ƙamshin komai. Yayata ta ce ranar da ta gane, ta zuba turare a garwashi ta sunkuya a kai har hayaƙi ya sa ta hawaye, ta ɗago ta ce wa ya canza min kaya. Matar da ke gane sandal ɗin bara ta bar miya ta ƙone a gabanta ba ta sani ba. Ta yi haɗi biyu da ka, amare suka dawo da shi, daga nan ta rufe kwalabenta a akwati. Yanzu abin da nake turawa ne ke riƙe gidan, ba sai na yi bayani ba. Likita ya ce ta riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi safe da yamma ko Allah zai sa ya dawo, tana yi, kanumfari, citta, ɓawon lemo, shiru.

Sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk Juma'a da hantsi kafin in tafi aiki ta kira ni ta ce to 'yar shago, wane sabon turare aka kawo muku wannan makon. Ranar farko na rasa abin faɗa, sai kawai na bayyana mata giyar da muka buɗe jiya, na ce akwai mangwaro a sama, ɓawon lemo a tsakiya, can ƙasa wani abu kamar ƙaro. Ta ce maimaita a hankali. Na maimaita. Ta ce waɗannan Larabawan ba su da tsoro, mangwaro a turare, amma da ni ce da na rage lemon. Na ji muryarta ta dawo irin ta da. Daga ranar duk mako sai na kai mata sabuwa. Ta ce mai kanumfarin nan an cika masa hannu, amarya za ta yi atishawa. Ta ce mai gahawar na tsofaffin maza ne. Wani lokaci in na rasa sunan wani ƙamshi ita take samo min, ta ce ba ƙaro ba ne, duba dai ko ɗanyen itacen lemo ne, in koma in shinshina in ga ita ce da gaskiya, in je in rubuta a allo. Wato rabin abin da ke rubuce a bangon mashayar nan kalmomin Ummata ne, matar da ko maltina ba ta sha don ta ce kwalbar ta yi kama da wani abu. Yayata ta ce duk mako ba ta da abin jira sai wannan wayar.

Makon jiya asirina ya tonu. Meri ta kwana da zazzaɓi aka ce ta zauna a gida, ranar kuma sababbi huɗu suka iso. Na je ba harshe, domin ita ce harshena. Kuma ranar Oga ya ga dama ya rufe sunayen, ya ce yau gwaji za mu yi. Biyu daga ciki kamfani ɗaya ne, ƙamshinsu kusan ɗaya, mangwaro da lemo. Ya ce Madam Hanci, wacce ta fi ɗaci. Ɗaci ba ya tashi a hanci. Na kalli kofunan na ce ta hagu. Ashe ta daman ɗacinta har kunne ake ji, kowa ya yamutse fuska da ya kurɓa, ni kaɗai ban yamutse ba. Oga ya dubi gaban kowa, kofuna ba komai, ya dubi gabana, huɗu a cike, ba wanda zan tura wa.

Ya kira ni sito cikin durom durom. Na shirya wa ihu, sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan ɗaya, ya ce wata goma sha ɗaya, ko sau ɗaya ba ki sha ba, na ce ko sau ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin irina ba, sannan ya daina dariya. Ya ce na yaudari kwastomomi, na ce ban taɓa ce wa kowa na sha ba, cewa nake tana ƙamshin kaza. Ya ce amma kina ɗaga kofi a gabansu ki kai baki, wannan kam gaskiya ce. Ya ce ranar Alhamis wakilin kamfanin da ke shigo mana da kaya zai zo da sababbi shida da ba a taɓa buɗewa a garin nan ba, an tanadi dogon tebur, baƙi sun riga sun kama kujeru, kuma sunana ya bayar a matsayin wadda za ta jagoranci ɗanɗanon, mutumin zai zauna ne a gefena kafaɗa da kafaɗa. Na ce to in kurɓa in tofar mana, na ga masu giyar inabi suna yi da ɗan bokiti. Ya ce wannan ba a tofar da ita, ɗacinta da ƙarshenta a maƙogwaro suke, sai ta wuce ake sanin ko wace ce, duk wanda ya san aikin zai gane a kurɓar farko. Na ce a zaunar da Meri kusa da ni ta zama bakina, ya ce ba wasan yara yake shiryawa ba. Ya ce kurɓa shida ce fa habibti, ko kyanwa ba za ta bugu ba, kuma doka ta sassauta, ba mai kama ki. Na ce ba 'yan sanda nake tsoro ba. Ya ce ya san Musulmi da yawa masu sha, na ce ni ma na san su, ni nake kai musu. Nan ya gaya min sauran: kwantiragina zai ƙare ƙarshen wata, kuma gurbi ɗaya manya suka amince a sabunta min biza a kansa, na mai jagorantar ɗanɗano, masu ɗaukar tire sun ishe su. Ya ce ba ya tilasta ni, khalas, wato shi ke nan, zaɓi nawa ne, in ba shi amsa kafin ƙarfe uku ranar Alhamis. Na zage shi da Hausa, ya ce me kika ce, na ce addu'a ce.

Kafin ku ce in nemi wani aikin, ranar hutuna na shiga kasuwar turare ta Deira tun safe, shago shago. Wasu ko ɗago kai ba su yi ba. Wani dattijo mai shago a wani lungu ya ce me kika iya, na ce ɗaure min ido. Ya yi dariya amma ya ɗauko kwalabe, bakwai ya miƙo min na faɗi bakwai, har na gaya masa ta biyar an sirka ta da mai. Ya kira ɗan'uwansa ya ce zo ka gani. Ya ba ni shayi, ya ce gobe ki kawo kwafin fasfo. Aikin da Umma ta yi wa sadakar waina kenan, ga shi a gabana, na fita daga shagon ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Washegari ya kalli koren fasfona na Najeriya ya kira mai yi masa takardu, suka yi magana, ya ajiye waya ya ce 'yata ki yi haƙuri, a 'yan watannin nan sabon izinin aiki na 'yan ƙasarku ba ya fita, ya ce in dawo idan abin ya buɗe, inshallah. Na tambayi wasu 'yan Najeriya, kowa labarin ɗaya. Har wanda Oga ya ce za a sabunta min ɗin, ba wanda ya ba ni tabbacin zai fita. Wato zan iya haɗiyewa kuma a ƙarshe in tashi ba bizar.

Meri ta ce in kurɓa kawai, Allah ya san zuciyata, ita ma ba don daɗi take sha ba. Na ce ke addininki bai hana ba, ta ce to ki koma gida mana, na ce ki sauka daga kaina, muka kwana biyu ba ma magana a ɗaki ɗaya. Wata baiwar Allah 'yar Katsina da ke aikin asibiti, muna haɗuwa a bas, ta ce in ajiye aikin yau yau, wanda ya bar abu don Allah ba ya taɓewa. Na ce na yarda, amma ke za ki kira Ummata ki gaya mata dalilin dawowata? Ta ce Allah zai kawo mafita, tasharta ta zo ta sauka.

Sai kuma maganar kwalba. Makonni uku da suka wuce mun buɗe wata baƙa mai hayaƙi, na bayyana wa Umma, na ce ƙasa ce da ruwan farko ya taɓa, da hayaƙin itace, da dabino can a ƙarshe. Sai ta ce wannan turaren mahaifiyarta ne, wanda take haɗawa a Barno, ta rasu ba ta bar mata sirrinsa ba, shekara talatin tana nema ba ta dace ba. Ta ce ki sayo min kwalba ɗaya ko ƙarama ce, jikina yana ba ni in na shinshina wannan hancina zai buɗe. Na ce to. Me zan ce? Yanzu ga wata ƙawarta, Hajiya 'yar kasuwa, ta zo sarin atamfa da takalma, tana wani ƙaramin otal a Al Buteen, ranar Juma'a za ta tashi, kuma Umma ta ce a ba ta saƙon. Sau biyu Hajiya tana cewa 'yata zan zo in ga shagon naku in sayi na tsaraba, sau biyu ina cewa ana gyara.

Jiya na koma wajen dattijon nan in sayi wani abu mai kama da shi in ba Hajiya. Ya ce wanne kike so, ya jera min. Ina tsaye da kwalba a hannu sai tunani ya zo min cewa ba sai na wahala ba, kowanne na ɗauka daidai ne, ko ruwan famfo na ɗura Umma ba za ta gane ba. Matar da ta koya min komai, yau zan iya cutarta da ruwa. Sai wani tunanin ya biyo wanda ya fi shi muni: idan kuma Allah ya karɓi addu'armu hancinta ya buɗe, ta cire murfin, a shaƙa ɗaya za ta san ba shi ba ne, kuma za ta fara tambaya. Na tsinci kaina a tsakiyar kasuwa ina tsoron ranar da uwata za ta warke. Na ajiye masa kwalbarsa na fito ban sayi komai ba.

To ga ni. Ranar Alhamis ƙarfe uku za a jera kofi shida a gabana. In na haɗiye, wataƙila in zauna, gida ya ci gaba da cin abinci, wayar Juma'a ta ci gaba, amma abu ɗayan da nake riƙe da shi in ce ban kai can ba ya tafi, kuma na san kaina, na san yadda na sa hannu a minti biyar na ce kwana biyu ne, shida ba za ta tsaya a shida ba tunda duk wata sababbi ake kawowa. In na ƙi, ƙarshen wata ina Kano, ba aiki, ba kwalba, in zauna a gaban Umma in gaya mata abin da take shinshinawa ta waya duk Juma'a, har da wanda ta ce na mahaifiyarta ne.

Don Allah wanda ya san wata hanya ta uku ta gaskiya, ba ta fulat ɗin Alhaji ba, ya faɗa min. Wanda ya san halin da bizar 'yan Najeriya ke ciki yanzu ya gaya min ko akwai amfanin jira. Me zan ba Hajiya ranar Juma'a? Kuma masu cewa in dawo gida, na ji, wataƙila ma ku ne da gaskiya, amma kada ku tsaya a "ki dawo". Ku rubuto min kalmomin da zan fara da su idan na zauna a gabanta ta ce, 'yar shago, ina turaren nawa.